Randar Bakin Hanya

Ni ban yi boko ba, allo ma ban wuce abin da zan yi salla da shi ba. Ɗiyar ƙanwata ce ke rubuta wannan, malamar makaranta ce a nan Tambuwal, inda nake zaune yanzu a gidan ɗana. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, in kuka ya zo mini ta ajiye biro ta jira ni. Abu ɗaya nake son sani game da rasuwar maigidana: ko ruwan da na ɗebo da hannuna ne ya yi ajalinsa. Na tambayi masu karatu, na tambayi masu na'ura. An ba ni amsa, amma har yau ban gama gane ta ba.

Ƙauyenmu yana can bayan Fakku, a ƙasar Kebbe. Shekarun baya aka yi mana burtsatse a tsakiyar gari, kowane gida ya koma can ɗibar ruwa. Ruwan yana da tsabta, sai dai da ɗan zartsi, in ka sha sai ka ji harshenka ya yi nauyi. Tsohuwar rijiyarmu kuwa tana bakin fadama, da ɗan nisa, bakinta itace ne aka gitta. Ruwanta sanyi gare shi da daɗi. Mutane sun bar ta saboda nisa, ba don ta yi musu laifi ba.

Da mahaifiyata ta rasu na rasa abin da zan yi mata. Ba ni da dabba, ba ni da gona tawa. Sai na sayi randa babba na sa aka kafa ta gindin tsamiyar da ke kusa da masallaci, a bakin hanyar da masu zuwa kasuwa ke bi. Kullum da asuba, maza suna cikin salla, sai in ɗauki tulu in gangara fadama. Sawu biyu nake yi, randa ta cika, in rufe da faifai in ɗora moɗa. Na ce a raina abin da za a ba Allah ba a ba shi mai zartsi, shi ya sa ban taɓa zuba na burtsatse a cikinta ba. Gidanmu muna shan na burtsatse kamar kowa, na rijiya na sadaka ne.

A wurinmu ba a faɗin sadaka. Wanda ya yi ba ya faɗi, wanda ya gani ma ba ya faɗi, don kada ya rage wa mai yi lada. Mata sun sha gamuwa da ni da tulu a ka, sai su gaishe ni su kau da ido. Tsofaffin da ke wuni gindin tsamiya su sha su ce, “Allah shi saka ma mai cika randa,” alhali mijin mai cikawa yana zaune a tsakiyarsu yana cewa amin.

Ni da shi taubasai ne, ɗan ƙanen mahaifiyata ne, don haka tun muna yara ba mu daina tsokanar juna ba. Sai ya dawo da azahar ya zauna bakin ƙofa yana cire takalmi.

“Yau ma aljanar nan ta cika randa,” in ji shi. “Ke ko kin san ta?”

“Ina ni ina sanin aljanu? Kai da ka aje gindinka ga tsamiya, kai za a tambaya.”

“An ce tsohuwa ce, gajera, ga faɗa.”

“To Allah shi ba mijinta haƙuri. Ko da yake an ce shi ma ba abin kirki ba ne, ko fartanya ba shi iya ɗagawa.”

Sai ya yi dariya har ya yi tari. Haka muke shekara da shekaru, bai taɓa cewa ya sani ba, ban taɓa cewa ni ce ba.

A daminar da abin ya faru aka yi wani ruwa kwana biyu a jere. Fadama ta cika ta batse, ruwan da ya wanko bayan gari ya bi ta kan bakin rijiya. Na jira har ya janye. Da na zura guga na ga ruwan ya ɗan yi ja, sai na tace da tsumma mai tsabta, na bar shi ya kwanta. A ido garau yake. Ran nan, da maigidana ya dawo da azahar, ya ce mini, “Ki gaya ma aljanarki yau ruwanta ƙasa-ƙasa shike.” Na ce wanda aka ba kyauta ba ya duba bakin tulu. Wannan maganar ita ce take hana ni cin abinci wani lokaci.

Amai da gudawa suka shigo gari. Wani tsohon maɗinki, abokin zamansa, shi ya fara kwanciya, cikin kwana biyu ya cika. Maigidana na cikin waɗanda suka yi jinyarsa, yana cikin waɗanda suka yi masa wanka. Bayansa wasu suka kwanta. Dattijo ba ya son a ce gudawa yake yi, sai a ce jikinsa ne ba daɗi, har sai ya kasa tashi. Nawa ma haka ya yi mini. Ranar Talata na dawo daga sawu na biyu na tarar da shi kwance a bayan ɗaki, idanunsa sun faɗa. Aka ɗora shi a babur, mutum gaba mutum baya, sai asibitin Kebbe. An yi masa ƙarin ruwa. Ranar Alhamis aka dawo mini da shi a kwance cikin tabarma.

Na shiga takaba, wata fuɗu da kwana goma, ba fita. Randa kuwa ban ko tuna da ita ba.

Bayan sadakar bakwai wata ma'aikaciyar lafiya ta zo, mace mai natsuwa, za ta yi sa'ar ɗiyata ta biyu. Gida-gida take bi, na masu ciwo da na masu lafiya, da waya mai faɗi a hannunta. Ta durƙusa ta yi mini ta'aziyya, sannan ta ce tana da tambayoyi. Ta tambayi sunansa, matar ɗana ta faɗa, don ni ban taɓa kiran sunansa ba. Ta tambayi shekarunsa, na ce ya girme ni da kaka uku, nawa kuma ban sani ba. Ta dube ni ta danna wani abu. Ta tambayi ranar da ciwon ya fara. Ta fita tsakar gida ta ɗaga wayar sama, ta ce tana sa alamar inda gidan yake ne. Sannan ta dawo ta ce:

“Inna, gidan nan ina kuke ɗebo ruwan sha?”

Na ce, “Burtsatse.”

Gaskiya na faɗa. Gidan ta tambaya, gidan kuma burtsatse yake sha. Amma ba zan ɓoye wa mai rubutun nan ba, randar ta gilma mini a zuciya a lokacin, kamar inuwar tsuntsu. Na bar ta ta wuce. Ba a tambaye ni ita ba, kuma sadaka ce. Ko wannan ƙarya ce, ko ba ƙarya ba ce, yana cikin abubuwan da na kasa rabewa.

Na ɗauka shi ke nan. Mun saba masu tambaya su zo su tambaya su tafi, ba a sake jin labarinsu. Ciwon ma ya lafa da kansa, mutane suka ce addu'ar da aka yi ce. Sai ga ta ta dawo, ana saura kwana kaɗan a yi arba'in. Wannan karon ta zauna a tabarma kusa da ni, ta ce tambaya ɗaya ce kawai ta dawo da ita. Na ce ba ni amsa komai sai ta gaya mini inda ta kai maganganun da na ba ta wancan karo. Maganar mijina ce, ina da hakkin in san inda take.

Ta yi murmushi ta ce, “Inna, ke ce mutum ta farko da ta tambaya.”

Ga abin da na riƙe daga bayaninta. Abin da ta danna a wayar ba ya zama a wayar. Yana tafiya ofishinsu a Kebbe, daga can ya wuce Sakkwato, ya gamu da abin da sauran ma'aikata suka danna a wasu ƙauyuka, da na asibitoci, har na ɓangaren Tambuwal da Sanyinna. Ta ce maganar gida ɗaya ba ta nuna komai, kamar zangarniya ɗaya ce, ba a tuwo da ita. Sai an tara, an jera, an ware iri-iri, sannan abu ke fitowa. Na'ura ce ke jerawa, mutane su zauna su duba.

Na ce, “To mi ya fito?”

Ta ce da farko ba abin da ya fito. Masu ciwo duk sun ce burtsatse, masu lafiya ma duk sun ce burtsatse. Amsar da kowa ya bayar ba ta nuna kowa. An ɗebi ruwan burtsatsen an auna, ba a sami komai ba. Sai wani a can ya ce a ware mutanen bisa shekaru, a ware maza da mata. Da aka ware sai aka ga yawancin waɗanda suka kwanta a garinmu tsofaffin maza ne, alhali cin abinci ɗaya suke da matansu da jikokinsu. Sannan aka ga wasu maza a ƙauyuka daban-daban, ba su san juna ba, ba rijiyarsu ɗaya ba, ba dangi ba ne, sun kwanta a kwanaki ɗaya da namu. Da aka koma aka tambaye su, abin da ya haɗa su shi ne sun bi hanyar garinmu ranar kasuwa.

Ta juyo da wayar ta nuna mini. Ɗigo-ɗigo ne ja a kan wani abu kamar zanen gonaki, ta ce garinmu ne aka hango daga sama. Ban ga garinmu ba, ni dai ɗigo na gani. Na ce wanne ne shi? Ta buɗa da yatsu biyu ta nuna mini ɗaya. Girmansa ɗaya da sauran, launinsa ɗaya. Mutumin da na zauna da shi tun ban iya dama fura ba. Na sa yatsa na taɓa, sai hoton ya gudu, ta dawo da shi.

Sai ta nuna mini wani zane, layi ne ya hau kamar tudu ya sauko. Ta ce kowane taku kwana ɗaya ne, tsawonsa yawan waɗanda suka kwanta ranar. Ta ce abin da ya ɗaure musu kai shi ne saukowar. Ba a rufe komai ba, ba a zuba magani ko'ina ba, amma ciwon ya yanke a tsakanin tsofaffin nan kamar an sa wuƙa. Ta ce ciwon yakan yi kwana biyu ko uku a jiki kafin ya fito, don haka abin da ke kawo shi ya tsaya ne kafin layin ya sauko. Sun ƙirga baya, ya faɗa kan wata Talata ko Laraba. Ta tambayi mai unguwa abin da ya canza a gari ranar, ya ce bai san komai ba. Ta tambayi mata, kowace ta sunkuyar da kai.

“Shi ne nika tambaya a gidajen da aka yi rashi,” in ji ta. “Ban da gida, ina Baba yake shan ruwa?”

Ni ba na ƙidayar wata da lamba, amma na san Talatar. Na san tulun da na aje a bakin ƙofa ban sake ɗauka ba. Mutanen da ba su taɓa ganina ba, suna zaune a ɗaki a Sakkwato, sun ga ranar da na daina cika randa a jikin layi. Ba su san da ni ba, ba su san da randa ba, sun dai ga ramin da na bari.

Na faɗa mata duka. Rijiya, ambaliya, tsumman tacewa, sawu biyu. Ina faɗa ina kuka, matar ɗana tana tsaye bakin ƙofa tana cewa, “Inna ki bari haka nan.” Ma'aikaciyar ba ta katse ni ba. Da na gama ta ɗauki wayar.

Na ce, “Kar ki sa sunana.”

Ta ce, “Ba a neman sunanki, Inna. Wuri ake nema, rijiya da randa.”

Sannan na yi mata tambayar. Na ce, “Ɗiyata, dubi girman Allah ki faɗa mini. Ruwana ne ya kashe shi?”

Ta ce ba ta sani ba. Na ce yaya ba ki sani ba, ga shi kun san Talata, kun san mutanen kasuwa da ni ban taɓa gani ba? Ta ce abin da aka tara yana iya faɗin inda ciwon yawancin mutane ya fito, in an auna rijiyar aka ga haka ne. Amma na mutum ɗaya ba ya iya faɗi. Ta ce Baba ya yi jinyar abokinsa da hannunsa, ya yi masa wanka, yana da gona a fadamar da ruwan ya malala, yana cin abinci a kasuwa. Ta kowace ƙofa ciwon zai iya shigarsa. “Ko an tara na duniya duka,” in ji ta, “ba a iya nuna miki ƙofar da ya bi ya shiga jikinsa shi kaɗai.”

Nan ne kaina ya kulle, har yau bai buɗe ba. Mutane da yawa ai ɗaiɗai ne aka tara. In an san dami daga gonar da ya fito, yaya za a ce ba a san zangarniyar da ke cikinsa ba? Ɗiyar ƙanwata ta yi ta yi mini bayani, ta ce in an ce yawancin gero na kasuwa daga Kebbe yake, ba a ce tiyar da ke hannuna daga Kebbe take ba. In tana faɗa sai in ji kamar na gane. In na kwanta sai ya warware. Wani lokaci ina zargin tausayina ma'aikaciyar ta ji, ta san amsar ta ɓoye. Wani lokaci in ce a'a, macen da ta nuna mini mijina a ɗigo ba ta ɓoye-ɓoye ba ce.

An zo an ɗebi ruwan rijiyar, an ce an sami ƙazantar a ciki. Aka zuba mata magani, daga baya aka ɗaure bakinta da siminti aka yi mata murfi. Aka ce da ba a gano ba, damina mai zuwa sai ta sake. Ɗana ya ji haushin maganar da na yi. Ya ce, “Inna, da kin yi shiru wa zai sani?” Na ce masa ai sun riga sun sani, suna ne kawai ba su da shi. Liman ya aiko mini cewa aiki da niyya yake, ladana na nan, ajali kuma ba ya wuce lokacinsa. Na yarda da wannan, ban taɓa musun ƙaddara ba. Amma ni ba zunubi na tambaya ba. Hannuna na tambaya.

Ranar da na fita takaba, kafin ɗana ya ɗauko ni zuwa Tambuwal, na tafi gidan matar maɗinkin nan da ya fara rasuwa. Ta riga ni fita da kwanaki. Tare aka kawo mu garin muna amare, shekara ɗaya. Na same ta tana tsince wake a faranti. Na zauna, muka gaisa, na kasa ɗaga kai. Da ƙyar na ce na zo ne a kan maganar randa.

Ba ta daina tsintar waken ba. Ta ce, “Ranar da yarinyar nan ta zo da wayarta ta farko, ni ma randar ta zo mini a rai. Har na buɗe baki.”

Na ce, “Mi ya hana ki?”

“Ladanki. Na ce ba ni zan tona sadakar da aka yi shekara da shekaru ana rufewa ba.” Ta ture wani wake mai huji gefe. “Ta biyun ma da ta dawo na yi shiru. To ke kin ɗebo, ni na rufe baki. In akwai alhaki sai mu raba, ƙawata, kamar yadda muke raba daddawa.”

Na ce an gaya mini ba a iya sanin na mutum ɗaya. Ta ce ita ma haka aka gaya mata, kuma ita ta karɓa, don in ba ta karɓa ba ba ta iya zama a garin. Ta ce ni ma in karɓa. Na ce ina ƙoƙari.

Ta matso mini da farantin. Muka tsince waken tare har la'asar. Da na tashi tafiya ta rako ni bakin zaure, ta riƙe hannuna na dama ta jima ba ta saki ba. Ban san ko yafewa ce ba, ko ita ce ke neman in yafe mata. Ban tambaya ba, mota kuma tana jira.